Cikin Wata Biyu da Shakkar Malam Mannir

Bunguɗu,
Alhamis, 9 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga maigidana Malam Mannir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya mutanen Tsafe, yaya manomanka na Bilbis da yankan gero? Allah Ya sa a kai amfani gida lafiya, amin. Mu ma nan lafiya lau muke. Sadiya ta fara kama ƙafar gado tana miƙewa, in ta faɗi sai ta yi dariya ta sake.

Gobe in ka koma Gusau za ka tarar da gida a kulle. Makulli yana wurin matar mai shagon ƙofar gida. Ba guduwa na yi ba, gidanmu na zo. Tun da aka katse layukan waya babu yadda zan sanar da kai, shi ya sa na ba Bawa direba takardar nan, ya ce zai danƙa wa abokinsa mai lodin Tsafe. Na liƙe ta sosai, don abin da ke ciki tsakanina da kai ne.

Ranar Asabar da hantsi na gaya maka an auna ni, an ce ina da cikin wata biyu. Kana shan koko ka ajiye kofin, ka yi ta lissafi da yatsunka, sannan ka dube ni ka ce, "Ummu, wata huɗu ke nan ban kawo ba. To daga ina?" Ban ba ka amsa ba. Kada ka ɗauka kunya ce ko rashin abin faɗa. Fushi ne, na kuwa san in na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da ba zai gyaru ba.

Yanzu na huce daidai gwargwado, ga amsarka. Cikin nan naka ne. Ba zan yi maka rantsuwa ba, ba kuma zan yi kuka in roƙe ka ka yarda ba. Shekara biyar muna tare, ka san inda nake kwana, ka san inda nake wuni, a gaban keken ɗinkina.

Bari in tuna maka yadda muka zo nan. Da aka yi mini aiki aka ciro Sadiya, likita ya zaunar da mu ya ce sai mahaifa ta huta shekara biyu. Na roƙe ka a sa mini ashanar nan da ake sa wa mata a dantse don tazarar haihuwa. Ka ce a'a, ka ji ana cewa tana hana haihuwa gaba ɗaya, kai za ka riƙa yin azalu, ka janye kafin ka kawo. Na yarda da kai. Daga bayan ƙaramar Sallah kuma ƙarfinka ya fara raguwa. Wata rana gaban ya miƙe, ana cikin tafiya ya kwanta, wata rana ma ya ƙi gaba ɗaya. Ban taɓa nuna maka a fuska ba, ban kuma gaya wa kowa ba, ko Inna. Amma ka sani, na sani, ba mu daina kusantar juna ba a cikin watannin nan. Ƙarasawa ce kawai ba ka yi.

Ni ba likita ba ce, ban san ta yadda hakan ya zama ciki ba. Abin da na sani shi ne ya zama. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan shiga Gusau wurin Hajiya Yelwa, ungozomar da ta karɓe ni lokacin Sadiya, in tambaye ta gatsau, ba kewaye-kewaye.

A nan gida na ce musu laulayi ne ya sa na zo hutawa. Inna ta daɗe tana kallona, ta ce, "Mi yaf faru, ɗiyata?" Na ce babu komai. Baba bai san da wata magana ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Na bar maka yajin daddawa a cikin kwalba kan kanta, rigunanka biyu kuma suna kan gado a goge.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Ummulkhairi.

*

Bunguɗu,
Asabar, 18 ga Satumba, 2021.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida abokan aikinka. Yaya jiki, yaya gajiya? Takardarka ta iso ranar Laraba. Layi uku na ƙirga. Ka tambayi Sadiya, ka ce a gaida su Baba, ka sa hannu. Sadiya tana lafiya, haƙori na biyar ya fito. Ni ma da ba a tambaya ba lafiyata ƙalau, sai amai da safe.

Na je wurin Hajiya Yelwa kamar yadda na ce. Na jira har mata suka ragu, na shiga na rufe ƙofa, na gaya mata komai ban ambaci sunanka ba, ko da yake ta san mijin wa nake nufi. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce ni ce ta uku a watan nan da ta zo mata da irin wannan tambaya.

Ga abin da ta ce, ka karanta a tsanake. Ruwan nan mai yauƙi da ke fito wa namiji in sha'awa ta motsa, wanda muka karanta a babin tsarki da sunan maziyyi, a jikin wasu maza yakan zo da ƙwayoyin haihuwa a ciki. Ba su da yawa, amma ciki ba ya bukatar yawa. Namiji ba ya jin fitarsa, ba kuma ya iya riƙe shi. Ta ƙara da cewa mai raunin gaba wani lokaci maniyyin kansa yakan zubo kaɗan-kaɗan ba tare da ya ji alamar da ya saba ji ba, sai ya ɗauka bai kawo ba. Ta ce a cikin ma'aurata biyar da suka dogara da azalu kawai, kusan ɗaya za su ga ciki kafin shekara ta zagayo. Da muka zo wurinsu tun farko, in ji ta, da sun gaya mana haka, da kuma sun gaya maka ashanar nan ranar da aka cire ta haihuwa ke dawowa.

Sai ta juya maganar kanka, wannan kuwa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ta tambaye ni shekarunka, na ce arba'in da ɗaya. Ta ce yana yawan jin ƙishirwa? Yana yawan fitsari? Ya rame? Malam, duk na ce e. Ni ke cika maka buta, ni na rage maka ƙugun wanduna biyu kafin babbar Sallah. Ta ce da asuba fa, in ya farka, gaban yana miƙewa da kansa kamar da? Na sunkuyar da kai na ce ya daina. Ta ce lafiyayyen namiji jikinsa yakan yi wannan miƙewar ko babu sha'awa, in ta ɗauke tsawon watanni to sau da yawa jini ne ba ya isa wurin yadda ya kamata. Ta ce kada ka tsaya wasa, ka je a auna maka suga da hawan jini, don sau da yawa gaba ne ke fara kawo ƙarar ciwon da ke ɓoye a jiki.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka na gani ba. Gorar maganin nan baƙi da kake ɓoyewa a bayan akwatin takardunka, irin wanda masu lasifika ke tallarsa a tasha suna cewa basur ne ke kashe maza. Na ga ta farko, na ga ta biyu, na ga ta uku. Na yi shiru don kada in ba ka kunya. Yanzu na gane shirun nan cutarwa ce na yi maka. Hajiya ta ce ba wanda ya san abin da ake zubawa a ciki, ta ga waɗanda ya taɓa wa ƙoda. Don Allah ka zubar.

Game da ni, ta ce tunda wata goma sha ɗaya kacal da aiki, ba a wasa da cikin nan. Awo ba fashi, haihuwa kuma a asibiti, ko naƙuda ba za a bari in fara a gida ba. Ban tsorata ba, amma na ji nauyin maganar, na kuma so a ce kana gefena lokacin da ake faɗa.

Idan duk wannan bai gamsar da kai ba, akwai gwajin jini da ake yi bayan haihuwa a gane uban yaro. Ni ce zan fara miƙa hannun jaririn. Sai dai ka yi tunanin fuskar da za ka dube ni da ita ranar da sakamako ya fito.

Kada ka yarda da maganata, kada ka yarda da ta Hajiya Yelwa. Je ka wurin likita namiji ɗan'uwanka, ka tambaye shi da bakinka. Ka je da safe kafin ka ci komai, haka ta ce ake awon suga.

Inna tana gaishe ka. Allah Ya ƙara lafiya.
Matarka,
Ummulkhairi.

*

Bunguɗu,
Talata, 28 ga Satumba, 2021.

Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Yaya ƙarfin jikin yau? Ka fara shan maganin?

Jiya Bawa ya kawo mini takardarka, shafi huɗu. Na karanta ta sau uku a bayan ɗaki, ƙarƙashin dalbejiya, inda ba mai ganin idona. Da na kai inda ka ce likita ya dubi sakamakon ya tambaye ka ko da ƙafarka ka zo, sai da na koma na sake karanta layin. Ashe suga ya hau haka kana yawo a kan babur cikin rana daga wannan gona zuwa waccan. Na gode wa Allah da ka je. Na ji daɗi kuma da ka cije ka yi masa tambayar, ya ba ka amsa irin wadda aka ba ni. Ka ce ya gaya maka in suga ya daidaita ana sa ran ƙarfin zai dawo, in bai dawo duka ba akwai maganin asibiti da za a ba ka bisa ƙa'ida, kuma fargabar da kake shiga ɗaki da ita tana ƙara kashe jikin. Ni dai ban taɓa auna ka da wannan ba. Wata huɗun nan ba abin da ya ragu a wurina, kai ne ka riƙa juya mini baya kana ganin ka gaza.

Ka roƙi gafara har wuri biyar a takardar. Na ga inda biro ya huda takarda. Na yarda daga zuciyarka ne.

Amma akwai abin da ba ka rubuta ba, ni zan rubuta maka. Ranar Lahadi Yaya Zulai ta zo nan Bunguɗu, wai ta zo duba jikina. Ka san yayarka ba ta sake taka gidanmu ba tun ranar sunan Sadiya. Ta zauna a ɗakin Inna, aka kawo mata fura ta ƙi sha. Ta dubi cikina, wanda ko fitowa bai yi ba, ta ce wa Inna, "Allah dai Ya sa ya yi kama da dangi, don ƙanena ya ce lissafi bai fita ba." Tana gama faɗa ta miƙe za ta tafi. Bayan Inna ta raka ta ƙofa ta dawo ta zauna a kan tabarma, tsohuwar da ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar rasuwar ƙaninta, ta yi ta share ido da bakin zane.

Ashe ka kai maganar wurin Yaya Zulai. Na kuma gane rabi ka kai mata. Ka gaya mata kana shakka, ba ka gaya mata dalilin shakkar ba. Ka rufa wa kanka asiri, ka bar nawa a waje.

Inna ta tsare ni da tambaya. Da kalma goma zan wanke kaina a gabanta, in ce mata ga abin da ke damun surukinki, ga abin da likita ya ce. Ban yi ba. Na ce mata kawai, "Inna, ki dube ni da kyau, ɗiyarki ce." Ta dube ni, ta ce ta yarda. Sirrin jikinka amana ce a hannuna, ba zan saya wa kaina mutunci da shi ba, ko a wurin uwar da ta haife ni.

Saboda haka ga abin da nake so, abu ɗaya ne. Ka je Gusau gidan Yaya Zulai, ka zauna a inda ka zauna ranar da ka faɗi maganar farko, ka janye ta. Ba cewa za ka yi "mun shirya" ba, don in ka ce haka za ta ɗauka haƙuri ka yi ka rufe ido, ta ci gaba da kallon yaron nan da wannan ido har ya girma, 'ya'yanta ma su gada. Sai ka gaya mata abin da zai cire mata shakka har saiwa. Na san me hakan ke nufi. Na san nauyin da ke tsakanin namiji da yayarsa wadda ta goya shi. Yadda za ka faɗa da iyakar abin da za ka faɗa, kai za ka zaɓa.

Ban sa maka rana ba. Ina gidanmu, ina ci ina sha, na karɓi ɗinkin 'yan biki har kala shida a keken ƙanwata. Ranar da ka yi, zan ji.

Ka rage tuwon dare, ka bar lemon kwalba da shayin mai shayi mai sukari cokali huɗu. In ka samu zogale ko rama ka sa a kwaɗanta maka ba sukari. Sadiya ta koyi cewa "Baba", sai dai kowa Baba ne a wurinta, har akuyar Inna.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya ba ka ƙarfin zuciya.
Matarka,
Ummulkhairi.

*

Bunguɗu,
Litinin, 11 ga Oktoba, 2021.

Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata kun isa gida lafiya jiya, kai da Yaya Zulai, kuma ka samu motar Tsafe da wuri yau. Yaya jiki, yaya gajiyar hanya? Na ga fuskarka ta ɗan ciko, idonka ma ya washe. Alhamdu lillahi.

Jiya gida cike yake da mutane, Baba ya riƙe ka a zaure da hirar taki da tsutsar masara, ban samu na ce maka komai ba sai sannu da zuwa da sauka lafiya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun da safe, kafin Bawa ya gama lodi.

Ba ka san abin da ya faru a ɗakin Inna ba, bari in ba ka labari. Yaya Zulai ta shigo ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa. Ta ce wa Inna, "Na zo in kwashe maganar da na zubar a ɗakin nan." Sannan ta juyo wurina ta kama hannuna biyu ta ce, "Ƙanena ya gaya mini abin da namiji ba ya gaya wa mace 'yar'uwarsa. Yana faɗa yana kallon ƙasa, gumi na zuba. Ke kuma kin san duk wannan kika bar ni na ci mutuncinki ba ki tona shi ba. Ki yafe mini, Ummu." Inna ta ce me ya gaya miki? Yaya ta ce, "Wannan tsakaninsa da matarsa ne, Inna. Abin da zan ce kawai, cikin nan namu ne." Aka kawo fura, ta shanye kwanon tas, ta ce a ƙaro.

Na san irin nauyin da zaman nan naka da Yaya Zulai ya yi maka. Da kake sallama za ka tafi na ga ka kasa haɗa ido da yayarka. Ni kuwa ban taɓa ganin girmanka kamar jiya ba, ko ranar da aka kawo ni gidanka.

Na yafe maka, Malam, duniya da lahira. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, tambayar nan taka ta ranar Asabar takan dawo mini wani lokaci ina tsakiyar aiki. Za ta wuce. In ka ga na yi shiru wata rana, kada ka tsorata, kada kuma ka matsa mini. Ni ma ina da nawa laifin. Na ga kana ramewa, na ga gorunan maganin nan, na zaɓi kunya a kan lafiyarka. Daga yau duk abin da ya shafi jikinka ko nawa, a ɗakinmu za a fara faɗarsa, da sunansa. In ƙarfi ya dawo, madalla. In ya yi jinkiri, muna nan tare, ba inda za ni. Bayan na sauka lafiya kuma, kafin a sallame mu daga asibiti, za mu zauna da Hajiya Yelwa mu biyu mu zaɓi hanyar tazara ta gaskiya.

Zan dawo ranar Alhamis da safe. Kada ka zo ɗaukata Bunguɗu, ƙanena Adamu zai sa mu a mota. Ka nemi izini a wurin aiki ka same ni a asibiti Gusau, ranar ce za a yi mini hoton ciki, an ce har bugun zuciyar yaron ana ji. Ka zo da katinka, a auna maka suga a tafiya ɗaya. In ka shigo za ka ga dogon benci cike da mata masu ciki, babu namiji ko ɗaya, za su yi ta kallonka suna rufe baki da mayafi. Ka yi sallama, ka zauna kusa da ni, ka karɓi Sadiya.

Ka zo da wuri, ƙarfe bakwai ake fara ba da lamba.

Matarka mai ƙaunarka,
Ummulkhairi.